Ilimin manɗiƙi: Yadda ake bambance hujja da mai kama da hujja

Da wuya a sami ɗan kasuwar da bai ji labarin alat na bogi ba, ko a Kantin Kwari ko a kasuwar Wuse. Mai saye ya zaɓi kaya, ya ce zai tura kuɗi, ya daddanna waya, can sai saƙo ya faɗo a wayar mai shago. A ɗaure kaya, a yi sallama, sai da yamma a duba asusu a tarar ko sisi bai shiga ba. Idan ana ba da irin wannan labari, galibi a kan wayon ɗan damfara ake tsayawa, ba a cika waiwayar lissafin da mai shagon ya yi a ransa cikin daƙiƙa biyu ba. Ga abin da ya ce da kansa: in an turo kuɗi, alat zai shigo, ga alat ya shigo, ashe kuwa an turo kuɗi. Maganarsa ta farko gaskiya ce a mafi yawan lokuta. Ta biyu ma gaskiya ce, da idonsa ya gani. Ta ukun ce ba ta fito daga cikin biyun ba, domin turo kuɗi yana kawo alat, amma ba wanda ya ce shi kaɗai ke kawo shi.

Wannan kuskure ya girmi banki da waya nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, malamin nan na ƙasar Girka, Aristotal, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya lissafa shi cikin hanyoyin da hujja ke ruɗin mutum. Misalin da ya bayar shi ne na wanda ya saba ganin ƙasa a jiƙe bayan ruwan sama, har ya kai duk inda ya ga danshi sai ya ce an yi ruwa. Fannin da ke bin diddigin irin wannan tuntuɓe shi ne manɗiƙi. Kalmar Balarabiya ce, tushenta ɗaya da kalmar da ke nufin furuci, kuma malamai sun bayyana shi da cewa ƙa'idoji ne da ke tsare tunani daga kuskure, kamar yadda nahawu ke tsare harshe daga lahani.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe, wanda kuma sauran bayanin duk a kansa zai hau, shi ne kowace hujja tana da fuska biyu. Akwai ƙirarta, wato yadda aka jera maganganun har ɗaya ta haifi ɗaya, malamai suna kiran wannan sura. Akwai kuma abin da aka zuba a cikin ƙirar, wato su maganganun kansu, gaskiya ne ko ƙarya, wannan shi ne madda. Ɗayan yana iya yin kyau ɗayan ya lalace. A duba wannan: duk abin da ke tashi sama tsuntsu ne, jirgi yana tashi sama, saboda haka jirgi tsuntsu ne. Ƙirar ba ta da aibi ko kaɗan, da maganar farko gaskiya ce da ba makawa sai an yarda da ta ƙarshe. Ƙaryar da aka aza tun a tushe ita ta ɓata ginin. A duba wannan kuma: duk raƙumi dabba ne, wasu dabbobi suna da tozo, saboda haka raƙumi yana da tozo. Duka ukun gaskiya ne, kuma mutum zai iya gyaɗa kai ya wuce. To amma a cire raƙumi a sa doki a gurbinsa: duk doki dabba ne, wasu dabbobi suna da tozo, saboda haka doki yana da tozo. Nan take asirin ƙirar ya tonu. Dacewa kawai aka yi a karon farko.

Wannan dabara ta musanya kalma da kalma ita ce gwaji mafi sauƙi da mutum zai iya yi ba tare da ya buɗe littafi ba. Idan aka kawo maka hujjar da ta yi maka daɗi a kunne, ka zuba wasu kalmomi a cikin ƙirarta, ka ga ko za ta kai ka ga abin da ka tabbata ƙarya ne. In ta kai ka, to ƙirar ce ba ta da kyau, ko da abin da aka kafa da ita ya zamo gaskiya ta wata hanyar. Da yake ƙira ba ta damu da abin da ke cikinta ba, Aristotal ya riƙa sa haruffa a madadin kalmomi. Wannan ɗan mataki ya yi nisan da shi kansa bai zata ba. A 1854 wani malamin lissafi ɗan Ingila, George Boole, ya nuna ana iya sarrafa kalmomin “da” da “ko” da “ba” kamar yadda ake sarrafa alƙaluma. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnin lantarki, wanda ko dai yana kunne ko yana kashe, zai iya yin wannan lissafi. Kowace kwamfuta da kowace wayar hannu a kan wannan aka gina ta.

Sai dai tun da daɗewa an sami masu tambayar iyakar amfanin ma'aunin da ba ya duba kaya. A Bagadaza, kimanin shekarar 932, an yi wata muhawara a gaban waziri Ibnul Furat tsakanin Abu Bishr Matta bin Yunus, shugaban masana manɗiƙi na zamaninsa, da Abu Sa'id as-Sirafi, gwanin nahawu. Matta ya kamanta manɗiƙi da sikeli, ya ce da shi ake gane magana mai nauyi da marar nauyi, kuma hukuncin hankali ɗaya ne a wurin kowace al'umma, kamar yadda huɗu da huɗu takwas ne a ko'ina. Sirafi ya mayar masa da cewa, to an ji sikeli ya faɗi nauyi, amma wa zai faɗa maka abin da aka ɗora a kansa zinariya ne ko tagulla ko dalma? Wanda ya rubuta labarin, Abu Hayyan at-Tauhidi, almajirin Sirafi ne, ba mamaki da ya ba malaminsa nasara. A ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Mai awo a kasuwar Dawanau ya san mudu ba ya faɗin ko geron yana da tsakuwa, amma bai taɓa jefar da mudun saboda haka ba.

Shi manɗiƙi ƙofa ce ta wani gida mafi faɗi, wato falsafa. Asalin kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta son hikima. A bakin Bahaushe yau takan ɗauki ma'anar zurfin magana ko manufar da mutum ya ɗora rayuwarsa a kai, amma a matsayinta na fanni tambayoyi ne take yi a kan abubuwan da kowa ya ɗauka ya riga ya sani. Mene ne samuwa, kuma me ya bambanta abu da siffarsa? Goro shi ne jauhari, wato abin da ke tsaye da kansa. Farinsa ko jansa ko ɗacinsa su ne aradi, siffofin da ba sa samuwa sai a jikin wani abu. Ta yaya muke sanin abin da muka ce mun sani? Mene ne kyakkyawan aiki, me ya sa adalci ya fi zalunci ko da zaluncin ya fi riba? Hatta tambayar “me ya jawo?” Aristotal ya ce amsa huɗu gare ta. Tukunya ta samu saboda yumɓu, saboda siffar da aka ba yumɓun, saboda maginiyar da ta gina ta, kuma saboda girkin da aka nufa da ita. Waɗannan littattafai sun shiga Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10, suka bi ta hannun al-Kindi da al-Farabi, wanda ake yi wa laƙabi da malami na biyu bayan Arisɗo, da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, da Ibn Rushd na Andalus wanda ya rasu a 1198.

Malaman manɗiƙi na Musulunci sun raba sani gida biyu. Idan aka ce “riba”, ma'anar ta zo maka a zuci ba tare da ka yanke hukunci a kanta ba, wannan shi ne tasawwuri. Idan aka ce “cinikin nan ya ba da riba”, ka yarda ko ka ƙi, wannan shi ne tasdiƙi. Hanyar kaiwa ga na farko ita ce ta'arifi, wato fayyace ma'anar kalma, hanyar kaiwa ga na biyu kuwa ita ce hujja. Ana fara karatu da ta'arifi, kuma akwai dalili. Mafi yawan gardamar da ake yi a majalisa da ofis, har murya ta dushe, mutane biyu ne ke amfani da kalma ɗaya kowa da abin da yake nufi.

Ƙa'idar ta'arifi ita ce a ambaci jinsi, wato babban gidan da abu yake ciki, sannan a ambaci siffar da ta raba shi da sauran 'yan gidan. Misalin da aka fi sani shi ne na mutum: rayayye mai hankali. Larabcin ya yi amfani da kalmar hayawan, wadda takan sa almajiri ya ɗaure fuska in aka fassara masa ita da dabba, alhali abin da ake nufi shi ne duk mai rai da ke ji yana motsi. Wannan babi ya samo asali daga wani ɗan littafi da Furfuriyus, mutumin birnin Sur da ke Lebanon ta yau, ya rubuta a ƙarni na 3 domin share fage ga karatun Aristotal. Sunan littafin da Girkanci yana nufin gabatarwa, Larabawa suka mayar da shi Isaguji, kuma da wannan suna Asiruddin al-Abhari ya kira nasa taƙaitaccen littafin a ƙarni na 13. Sharaɗin ta'arifi mai kyau biyu ne: ya tattaro duk 'yan gida, ya kuma hana baƙo shiga. An ruwaito cewa Aflaɗun, malamin Aristotal, ya taɓa bayyana mutum da cewa mai ƙafa biyu ne marar gashin tsuntsu. Sai wani hatsabibin masani mai suna Diyojin ya fige kaza, ya kawo ta makarantar ya ce ga mutumin Aflaɗun. Ta'arifin ya tattaro, amma bai hana ba.

Kada a ɗauka wannan wasan malamai ne kawai. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalin jihar. To wane ne ɗan asali? Wanda aka haifa a wurin, ko wanda aka haifi kakansa a wurin, ko wanda ya shekara 40 yana zaune yana biyan haraji? Kowace amsa tana shigar da wasu ta fitar da wasu, kuma gurbin karatu da ɗaukar aiki da takara sukan rataya a kanta. Haka abin yake a ciniki. Da yawa daga rigingimun da ke kaiwa gaban shugabannin kasuwa daga kalmomi irin su “mai kyau” da “kwanan nan” da “bayan salla” suke tasowa, domin ranar da aka ƙulla cinikin ba wanda ya tsaya ya ce me ake nufi da su.

Daga kalma sai jumla. Manɗiƙi bai damu da kowace jumla ba, sai wadda za a iya ce wa mai faɗinta ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya. Ita ake kira ƙadiyya. “Rufe ƙofa” umarni ne, “nawa ne?” tambaya ce, babu ɗayansu da ke ɗaukar gaskiya ko ƙarya. “Farashin shinkafa ya sauka” kuwa ƙadiyya ce. Abin da ake magana a kansa shi ne maudu'i, abin da aka ɗora masa shi ne mahmuli. Ƙadiyya takan game duka ko ta tsaya a kan wasu, takan tabbatar ko ta kore, sai aka sami iri huɗu: duk kaza kaza ne, babu kazan da yake kaza, wasu kaza ne, wasu ba kaza ba ne. A cikinsu mai kalmar “duk” ta fi ƙarfi kuma ta fi saurin karyewa, domin wake ɗaya ke ɓata gari. Wanda ya ce duk ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, ya faɗi abin da ya shafi mafi yawa, amma farfesan jami'a guda, wanda doka ta ba shi har shekara 70, ya isa ya rushe maganar. Da ya ce “galibi” da ya tsira.

A nan akwai wani bambanci da nake ganin ya fi kowane amfani ga mai sauraren muhawarar siyasa. Maganganu biyu sukan yi karo ta hanya biyu. Akwai waɗanda ba sa haɗuwa kuma ba sa kaucewa tare, dole ɗaya ta zama gaskiya ɗaya ƙarya, kamar “rigar fara ce” da “rigar ba fara ba ce”. Wannan shi ne tanaƙudi, wato warwarar juna. Akwai kuma waɗanda ba sa haɗuwa amma suna iya faɗuwa tare, kamar “rigar fara ce” da “rigar baƙa ce”, domin tana iya zama shuɗiya. Waɗannan kishiyoyi ne kawai. Idan wani ya ce duk 'yan kasuwa macuta ne, wani ya fusata ya ce babu ɗan kasuwa macuci, sun iya kwana suna musu alhali dukansu a kan kuskure suke. Abin da ke warware maganar farko shi ne a nuna ɗan kasuwa ɗaya mai amana. Mai cewa in ba ka tare da mu to kana gaba da mu, kishiyoyi ya ɗauko ya sayar maka a matsayin masu warwarar juna, ya ɓoye duk launukan da ke tsakanin fari da baƙi. Kusa da wannan akwai kuskuren juya magana. Duk alhaji Musulmi ne, amma in aka juya ba za a ce duk Musulmi alhaji ne ba, iyakar abin da juyin ke bayarwa shi ne wasu Musulmi alhazai ne. Mai shagon da muka fara da shi juyi ya yi inda juyi bai halatta ba.

Idan aka haɗa ƙadiyya biyu suka haifi ta uku, an sami ƙiyasi. Biyun farko su ne muƙaddima, wadda aka haifa ita ce natija. A lura cewa wannan ba shi ne ƙiyasin malaman fiƙihu ba, za mu zo kan nasu. Ga misali: duk kayan da aka shigo da su ta wannan tasha an biya musu kuɗin fito, wannan shinkafa ta wannan tasha aka shigo da ita, saboda haka an biya mata kuɗin fito. “Shigowa ta tasha” ya bayyana a muƙaddima ta farko da ta biyu, amma babu shi a natija. Shi ake kira haddi na tsakiya, kuma aikinsa aikin dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi ya koma gefe. Yawancin ɓarnar ƙiyasi daga dillalin take zuwa. Wani lokaci bai san duk mutanen da yake magana da yawunsu ba. Duk atamfar Holan tana da tsada. Wannan atamfa tana da tsada. Saboda haka 'yar Holan ce. Tsada gida ce mai faɗi, 'yar Holan ɗaki ɗaya ta kama a ciki, kuma ba abin da ya nuna wannan atamfa a ɗakin take. Wani lokacin kuma dillalai biyu ne masu suna ɗaya. Mutumin arziki ba ya cin amana. Alhaji wane mai arziki ne. Saboda haka ba zai ci amana ba. Arzikin farko hali ne, na biyu dukiya ce. An ba da bashi mai yawa a kan wannan ƙiyasi, kuma ba duka ne suka dawo ba.

Ƙiyasi yana saukowa ne daga hukunci mai game duka zuwa ɗaiɗaiku. To shi hukuncin mai game duka daga ina aka samo shi? Sau da yawa daga hawa ne, wato a duba ɗaiɗaiku a yanke hukunci a kan duka. Wannan shi ne istiƙra'i. In an duba kowane ɗaya, kamar akawun da ya ƙirga kowane fayil a ofis, hukuncin tabbatacce ne. In wasu kawai aka duba, kamar mai sayen kwandon tumatir da ya ga na sama ya biya kuɗin na ƙasa, to rinjayen zato ne, ƙarfinsa gwargwadon yawan abin da aka duba da kuma inda aka ɗebo shi. Turawa sun daɗe suna buga misali da wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, wanda duk wanda suka taɓa gani fari ne, har sai da matuƙan jirgin ruwa 'yan Holan suka tarar da baƙinsa a yammacin Ostireliya a 1697. Hanya ta uku ita ce tamsili, a ba wani abu hukuncin wani saboda sun yi tarayya a wata siffa, kuma wannan ne malaman fiƙihu ke kira ƙiyasi. Ingancinsa yana ga tabbatar da cewa siffar da suka yi tarayya a kanta ita ce ainihin dalilin hukuncin. In ba haka ba, kama da wane ba ta wane.

Komawa ga tambayar Sirafi, malaman manɗiƙi ba su bar madda haka kawai ba. Sun jera hujjoji bisa ga irin muƙaddimar da aka gina su da ita. Wadda aka gina da tabbatattun abubuwa ita ce burhani. Wadda aka gina da abin da jama'a suka yarda da shi, ko abin da abokin gardama ya sallama, ita ce jadali, tana iya rufe bakin mutum ba tare da ta tabbatar da komai ba. Akwai ta masu huɗuba da lacca, mai jawo zuciya da abin da ake kyautata wa zato, akwai ta mawaƙa, mai motsa rai da siffantawa, sai ta ƙarshe, safsaɗa, ƙarya cikin rigar gaskiya. Sunan ya fito ne daga wasu malamai na Atina da ke karɓar kuɗi su koya wa matasa yadda ake cin gardama, waɗanda Suƙraɗ ya yi ta tuhumarsu kafin birnin ya yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ba laifi ba ne ɗan siyasa ya yi huɗuba ko maroƙi ya yi kirari. Matsalar tana ga mai sauraro in ya tashi daga wurin yana jin an kafa masa burhani. Haka kuma sanin da hujja ke haifarwa hawa-hawa ne, kuma duk wanda ya karanta babin rafkanuwa a salla ya san kalmomin: yaƙini shi ne tabbas, zato shi ne ɓangaren da ya rinjaya, shakka ita ce a yi kunnen doki, wahami kuwa shi ne ɓangaren da aka rinjaya.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya riga ya ɗanɗani falsafa ko bai sani ba. Littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, da hukuncin hankali guda uku ya buɗe: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, wanda ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Malaman wannan hanya sun kuma bambanta hukuncin hankali da hukuncin al'ada. Cewa rabi bai kai duka ba hukuncin hankali ne. Cewa wuta tana ƙona auduga kuwa daga maimaituwar gani muka san shi, kuma Imam Gazali ya yi dogon bayani cewa ganin abu biyu suna zuwa tare bai tabbatar da ɗaya ne ya tilasta ɗaya ba. Bayan fiye da shekara 600, a 1739, David Hume na Sikotlan ya zo da makamanciyar wannan magana ta wata hanyar. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ya yi gaskiya, amma sanin cewa akwai dalili daban yake da sanin wane ne dalilin. Sabon shugaba ya zo ofis, wata biyu bayan nan albashi ya makara, sai a ce shi ne. Mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma kason da ake jira daga sama ne bai iso ba.

Malaman Musulunci ba su haɗu a kan halascin wannan karatu ba. Ibnus Salah da Nawawi sun hana. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a ɗaya gefen, ya rubuta littattafai a fannin, har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, al-Mustasfa, yana ganin ilimin wanda bai san shi ba abin a yi hattara da shi ne. Suka mafi nauyi ta zo daga Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328. A ganinsa mai kaifin basira ba ya buƙatar manɗiƙi, dolo kuma ba ya amfana da shi. Ya ƙara da cewa muƙaddimar da ke game duka daga ɗaiɗaiku aka tattaro ta, don haka ƙiyasi bai ƙara wa mutum abin da bai riga ya sani ba. Wannan suka ta biyu tana da ƙarfi, kuma John Stuart Mill ya maimaita irinta a Ingila a 1843. Ta farkon ce nake da ja a kanta. Mutanen da ake damfara da alat na bogi ba dolaye ba ne, wasunsu sun fi kowa iya lissafi a layinsu. Gaggawa da son ciniki ya faɗa ne ke sa mai basira ya tsallake mataki, kuma wanda ya san sunan matakin ya fi saurin lura cewa ya tsallake shi.

Wannan saɓani ya taɓo ƙasar Hausa ta hannun mutum biyu da tarihinmu ya sani. Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, masanin manɗiƙi ne, yana da waƙa a fannin mai suna Minahul Wahhab. Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar, wanda ya yi wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha a wannan zamani, yana cikin masu haramta shi. Su biyun sun yi musayar baitoci a kan batun, inda Magili ya kafe a kan cewa ana gane gaskiya da hujjarta, ba da wanda ya faɗe ta ba, kuma kasancewar Girkawa ne suka fara tsara fannin bai zama aibi gare shi ba. Bayan su da kaɗan sai ga Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskara a Aljeriya. Shi ne dai mai littafin Ahalari da yaranmu ke fara fiƙihu da shi. A shekarar 941 ta Hijira, yana ɗan shekara 21, ya tsara manɗiƙi cikin baiti 140 da 'yan kai, ya sa wa waƙar suna Sullam, wato tsani. A ciki ya kawo ra'ayoyin nan, ya zaɓi cewa karatun ya halatta ga mai lafiyayyar basira wanda ya riga ya san Alƙur'ani da sunna. Sullam ta zama littafin da ake fara wannan fanni da shi daga Azhar har zaurukan Afirka ta Yamma, yawanci bayan ɗalibi ya yi nisa a nahawu. A daular Sakkwato ma an sami wanda ya wuce manɗiƙi ya shiga falsafa kanta, wato Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864, ya kuma bar rubuce-rubuce da Larabci a kan samuwa da rai da matakan sani.